Gashin furoton don ciwon daji: me aka tabbatar, kuma wa yake yi wa amfani?

Idan aka ce wa iyali ɗan'uwansu yana da ciwon daji, ba a daɗewa shawarwari su fara shigowa ta kowace ƙofa. Wani ya zo da sassaƙe, wani da rubutu, wani kuma ya nuna bidiyo a wayar salula. Cikin abubuwan da ke yawo a waya har da labarin wani inji da ke Indiya ko Faransa ko Amurka, wanda ake cewa yana ƙone daji ba tare da ya taɓa lafiyayyen nama ba. Sunan wannan magani gashin furoton. Ba tatsuniya ba ce: injin yana nan, kuma an yi wa mutane fiye da 300,000 aiki da shi a duniya. Sai dai abin da ake faɗa a kansa ya zarce abin da bincike ya tabbatar. Wannan bayani domin kai ne, mai karatu a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, musamman idan kai ne ake kawo wa takardar likita ka karanta, kamar yadda ake yi wa malaman yaƙi da jahilci a ƙauyuka da yawa. Kafin a sayar da gona ko sa, ya kamata a san abin da za a saya.

Mene ne gashi?

Manyan hanyoyin maganin daji uku ne: aikin tiyata, magungunan da ake ƙarawa ta jijiya ko a sha, da kuma gashi. Sau da yawa akan haɗa biyu ko duka ukun. Kalmar gashi tana tsorata mutane, domin suna zaton wuta ce ko sakiya da ƙarfe mai zafi. Ba haka ba ne. Marar lafiya yana kwanciya a kan gado na ƴan mintoci, inji ya aika wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, hasken ya ratsa fata ya isa ƙarin. A lokacin ba a jin zafi. Hasken yana lalata abin da ke cikin ƙwayoyin daji wanda suke hayayyafa da shi, sai su mutu a hankali. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi iya gyara kansu, shi ya sa ake raba gashin kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, wani lokaci har mako shida ko bakwai.

Kada ka haɗa shi da "radiyo" da ake ɗauka a asibiti idan mutum ya karye. Dangi ɗaya ne, amma radiyo hoto ne kawai, gashi kuwa magani ne, ƙarfinsa ya ninka na hoto nesa ba kusa ba. An gano wannan haske a Jamus a 1895, aka fara gwada shi a kan daji ba da daɗewa ba. A 1951 aka fara amfani da injin kobal a Kanada. Daga baya aka sami injin lantarki da ake kira linak, wanda shi ne ya fi yawa a asibitocin duniya yanzu. A cikin wannan bayani, duk inda ka ga "gashin haske", waɗannan biyu ake nufi.

Inda furoton ya bambanta

Furoton ba haske ba ne. Ƙwayar zarra ce mai nauyi, ita ce tsakiyar sinadarin haidirojin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi ruwa. Ana zuba waɗannan ƙwayoyi a wani babban inji mai maganaɗisu, a yi ta juya su har gudunsu ya wuce rabin gudun haske, sannan a harba su cikin jiki.

Ka ɗauki amalanke biyu da aka aika su kai hatsi wani gida a tsakiyar gari. Ta farko buhunta a huje yake. Tun daga bakin gari take zubar da hatsi, ta zubar da wani a ƙofar gidan, ta wuce tana ci gaba da zubarwa har ta fita ta ɗaya gefen. Wannan shi ne gashin haske: yana taɓa naman da ke gaban ƙari, ya taɓa ƙarin, ya taɓa na bayansa. Amalanke ta biyu tana zubar da kaɗan a hanya, idan ta kai ƙofar gidan sai ta juye kayanta duka ta tsaya cik. Wannan shi ne furoton. Zurfin da zai tsaya ya danganta da gudun da aka ba shi, daga santimita 4 zuwa sama da 30. Masana suna kiran wannan wuri na juye kaya da sunan William Bragg, wanda ya lura da shi a farkon ƙarni na 20.

Ka lura da abu ɗaya, domin masu talla ba sa faɗinsa. A cikin ƙarin kansa, furoton bai fi haske kisa da wani abin a zo a gani ba; likitoci suna lissafa ƙarfinsa da kashi 10 cikin 100 bisa na haske, kuma suna rage awo daidai da haka. Fifikonsa yana wajen naman da ya bari bai taɓa ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne ke bayan ƙarin, kuma kare shi zai sauya rayuwar wannan mutum?

Amalanke ta biyu ma tana da nata hatsari. Idan aka kuskure gida, kayan duka a ƙofar maƙwabci za su zube. Jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya: huhu yana motsi da numfashi, hanji yana cika da iska, marar lafiya yana ramewa cikin makonnin magani. Ɗan wannan sauyi yana iya sa furoton ya tsaya kafin ƙari ko bayansa. Gashin haske bai damu da irin wannan sosai ba. Kuma masu gashin haske ba su zauna ba. Injunan zamani suna harbo hasken ta kusurwoyi da yawa, suna sassaƙa shi daidai siffar ƙari, ta yadda babban kaso ya taru a tsakiya, ƙananan kaso su watsu a kewaye. Da wannan gashi na zamani ya kamata a auna furoton, ba da na shekara 40 da suka wuce ba.

Tarihinsa da tsadarsa

Wani masanin kimiyya na Amurka, Robert Wilson, shi ya fara kawo shawarar a 1946. An yi wa mutanen farko a Berkeley a 1954, sai Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1957. Shekaru da dama aikin yana ɗakunan binciken kimiyya, likitoci suna aron inji na ƴan sa'o'i. Sai a 1990 aka buɗe babbar cibiya ta farko a cikin asibiti, a Loma Linda ta jihar Kalifoniya. Faransa ta fara a 1991 a Orsay da Nice, ta ƙara ta uku a Caen a 2018. Indiya ta buɗe tata ta farko a Chennai a 2019. Yau cibiyoyin sun haura 100, mafi yawansu a Amurka da Turai da Japan da Sin. A Afirka, wata cibiyar binciken kimiyya kusa da Cape Town, wadda ake kira iThemba, ta fara yi wa marasa lafiya furoton a 1993, daga baya aka dakatar da aikin. Babu injin furoton a Nijar, babu a Nijeriya, babu a duk Afirka ta Yamma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin da ke juya ƙwayoyin kaɗai yana iya kai tan 90 zuwa 200, ƙarfen da ke zagaya gadon marar lafiya kuma tsayinsa ya kai bene mai hawa uku. Cibiya mai ɗakuna uku ko huɗu tana cin sama da dalar Amurka miliyan 100, wato sama da sefa miliyar 50. Gwamnatin Ingila ta ware fam miliyan 250 domin cibiyoyi biyu kacal, ta Manchester da ta fara aiki a 2018 da ta Landan a 2021. Ƙananan injuna masu ɗaki ɗaya sun fito, amma su ma dala miliyan gommai ne. Bayan gini akwai lantarkin da ba ya yankewa da injiniyoyin da ke kwana da injin.

Yadda ake auna sabon magani

Manomin Agye ya san wannan fiye da yawancin ƴan birni. Idan aka kawo sabon irin hatsi daga cibiyar binciken noma ta Tarna, mai hankali ba ya shuka shi a bayan gida inda taki ya yi yawa, ya shuka tsohon iri a jigawa, sannan ya ce sabo ya fi. Yana raba gona ɗaya biyu, ruwa ɗaya, noma ɗaya, ya jira kaka ya ƙirga damma. Haka ake yi wa magani. Ana tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, da yardarsu, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba, ba da zaɓin aljihu ba. Gida ɗaya ya sami sabon magani, ɗaya ya sami mafi kyawun tsohon. Bayan shekaru a ƙirga: nawa suka rayu, nawa ciwon ya dawo musu, nawa suka sha wahala.

Ƙuri'ar ita ce zuciyar aikin. Wanda ya iya kai kansa cibiyar furoton yawanci mai hali ne, mai sauran ƙarfi a jiki, wanda aka gano ciwonsa da wuri. Idan ya warke, ba a san ko inji ne ko takin bayan gida ba.

Abin mamaki, an yi shekaru ana gina cibiyoyin furoton kafin a yi irin wannan gwaji da yawa. Hujjar masu ginin ita ce hoton kwamfuta yana nuna ƙarara cewa lafiyayyen nama ya sami kaso kaɗan, don haka ba adalci ba ne a hana wani ta hanyar ƙuri'a. Masu suka suka ce hoto mai kyau ba shi ne lafiya ba, kuma cibiyar da ta ci bashin miliyoyi tana da dalilin cika gadajenta. A ganina masu suka sun fi gaskiya, kuma sakamakon da ya fito daga baya ya nuna haka.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A kan dajin furostat, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ya daɗe yana cika cibiyoyin Amurka, an raba maza 450 ta ƙuri'a. Sakamakon ya fito a 2024: babu bambanci a lafiyar hanji bayan shekara 2, babu bambanci wajen danne ciwon. A kan dajin huhu, gwajin da cibiyar MD Anderson ta Houston ta jagoranta, wanda aka buga a 2018, bai nuna furoton ya rage kumburin huhu ko dawowar ciwo ba. A kan dajin bututun abinci kuwa, wani gwajin da aka buga a 2020 ya nuna masu furoton sun fi samun sauƙin wahalhalun magani, musamman bayan tiyata, amma ciwon bai fi dannuwa ba. A kan dajin nono, babban gwajin Amurka mai mata sama da 1,200 ya ba da rahoto a 2025 cewa jin daɗin rayuwa kusan ɗaya ne a gida biyun. Amsar ko furoton yana kare zuciya sai an jira ƙarin shekaru.

Dajin maƙogwaro shi ne ya fi koyar da darasi. A Amurka an gwada mutum 440. Cikin masu gashin haske, kimanin 4 cikin 10 sun buƙaci a sa musu robar abinci ta ciki. Cikin masu furoton ba su kai 3 cikin 10 ba. A rahoton 2025 an kuma ga waɗanda suka rayu shekara 5 sun fi yawa a gidan furoton, ko da yake ba wannan tambaya ce aka gina gwajin a kanta ba. To amma a shekarar nan ta 2025 Ingila ta fitar da nata gwaji a kan ciwo iri ɗaya, mutum 205, kuma bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci ba wajen robar abinci ko wajen ci da haɗiya. Gwaji biyu na kirki, amsa biyu. Masana suna ta duba dalili: ko bambancin marasa lafiya ne, ko na yadda aka tsara gashin haske, ko na kulawar da aka ba kowa wajen abinci. Duk wanda ya kawo maka ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓoye ɗaya, talla yake yi maka.

Akwai inda likitoci suka fi haɗa baki. Na farko shi ne yara, musamman masu ƙari a ƙwaƙwalwa ko kusa da laka. Ƙwaƙwalwar yaro tana girma, ƙashinsa yana girma, kuma idan ya warke yana da shekara 50 ko 60 a gaba da illar gashi za ta iya bayyana: raunin koyo, raunin ji, tsayawar girma, ko wani sabon daji. A wani ciwon ƙwaƙwalwa na yara dole a gasa kai da laka gaba ɗaya. Da haske, abin da ya wuce laka yana faɗa wa zuciya da huhu da hanji. Da furoton yana tsayawa a ƙashin baya. Bibiyar yaran da aka yi wa a Boston da Houston ta nuna warkewa daidai da ta haske, tare da alamun cewa basirarsu ta fi tsira. Ba ta hanyar ƙuri'a aka sami wannan ba, amma dalilin yana da ƙarfi har ƙasashe da yawa suka sa yara a sahun gaba. Na biyu shi ne wani dajin cikin ido na manya, inda ake iya kashe ƙarin a bar idon. Na uku wasu ƙari ne na gindin ƙoƙon kai da ƙashin baya, masu taurin kai, waɗanda ke manne da jijiyar gani ko laka. Waɗannan duka ba su da yawa cikin masu ciwon daji.

Ƙasar Holan ta ɗauki wata hanya mai ma'ana. Ana tsara wa marar lafiya gashi iri biyu a kwamfuta, na haske da na furoton, a lissafa hatsarin illa a kowanne. Sai idan bambancin ya kai wani mizani da aka amince da shi ake tura shi furoton. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mu kuma ina muke?

Nijar tana da rajistar masu ciwon daji a Yamai tun 1992. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2020 ya ce ana samun sababbin masu ciwon kusan 10,000 a shekara. A wajen mata dajin nono ne kan gaba, sai na bakin mahaifa. A wajen maza dajin hanta. Masana sun daɗe da lissafa cewa kimanin rabin masu daji suna buƙatar gashi a wani mataki, kuma injin haske ɗaya yana iya ɗaukar kimanin mutum 500 a shekara. Yi lissafin da kanka a allo: rabin 10,000 a raba da 500. Injuna 10 ke nan, a ƙalla.

Har zuwa 2021 babu ko ɗaya a ƙasar. A wannan shekara ce cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ta fara da injin kobal. Kada ka raina kobal don tsohuwar fasaha ce. Ba ya cin lantarki da yawa, ba ya yawan lalacewa, kuma ya warkar da mutane masu ɗimbin yawa a duniya. Aibinsa shi ne ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 5 da ƴan watanni, sai an sauya masa ƙwaya. A 2022 hukumar nan ta ƙaddamar da wani shiri na faɗaɗa gashi, Nijar tana cikin ƙasashen farko da aka sa. A ƙetaren iyaka akwai sassan gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, kuma a 2025 aka buɗe sabuwar cibiyar daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, wadda ta fi Yamai kusa da Maraɗi nesa ba kusa ba. Inji yakan lalace a ko'ina, don haka a buga waya a tabbatar yana aiki kafin a hau mota.

Kuɗin cibiyar furoton ɗaya babba zai sayi injunan haske masu yawa, ya horar da ma'aikatansu. Ƙasar da ba ta cika goma ɗin can ba, ba furoton ne ciwon kanta ba.

Dubi cututtukanmu ɗaya bayan ɗaya. Dajin bakin mahaifa da ya ɗan girma ana warkar da shi da gashin waje, da magani ta jijiya, da gashin ciki, inda ake sa ƙwayar gashi dab da ƙarin na ɗan lokaci. Furoton ba ya maye gurbin gashin ciki. Kuma wannan daji ana iya tare shi tun kafin ya zama daji: ungozoma da aka horar tana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a yi maganinsa nan take. Akwai kuma rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa shi, wanda ake yi wa ƴan mata. Nijeriya ta sa shi cikin rigakafinta na ƙasa a 2023.

Dajin nono tushen maganinsa tiyata ce da magunguna, gashi ya biyo baya. Labari mai daɗi ga mace daga Gazawa shi ne bincike a Ingila ya nuna ana iya taƙaita gashin haske daga mako 5 zuwa mako 3, kuma a 2020 aka nuna cewa ga wasu mata mako ɗaya ya isa. Ga wadda za ta bar ƴaƴanta ta yi tafiyar sama da kilomita 700, ta kwana a gidan dangi a Yamai, wannan binciken ya fi duk labarin furoton amfani.

Dajin hanta kuwa yana da ban takaici. Yana cikin waɗanda furoton ke yi wa aiki: wani gwaji na ƙuri'a a Koriya ta Kudu, da aka buga a 2021, ya nuna furoton ya yi daidai da ƙona ƙari da allura. Amma ƙananan ƙari ne, waɗanda ba su kai santimita 3 ba, aka gano su saboda ana duba hantar mutanen a kai a kai. Namu marasa lafiya suna zuwa ne ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. A wannan mataki babu injin da zai mayar da hanta. Abin da ke hannunmu shi ne tushen ciwon: cutar hanta nau'in B, wadda rigakafinta yana cikin allurar jarirai mai haɗa cututtuka biyar da Nijar ta fara a 2008, da kuma gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Gyaɗar da ta yi funfuna ba ta miya ba ce, ba ta ƙuli-ƙuli ba ce.

Yaranmu ma ba dajin ƙwaƙwalwa ne aka fi gani a jikinsu ba. An fi ganin mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin ƴan makonni, wanda magani ta jijiya ke narkarwa, da na ƙoda, da na ido. Idan ka ga tsakiyar idon ƙaramin yaro yana haske fari kamar idon kyanwa da dare, kada a jira kasuwa ta ci. A kai shi asibiti a makon.

Akwai kuma gashin da ba don warkarwa ake yi ba. Idan daji ya shiga ƙashi yana hana barci, gashin haske sau ɗaya tak yana rage zafi daidai da na kwana goma, gwaje-gwaje da yawa sun nuna haka. Yana kuma tsayar da zubar jini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke jinya da masu jinyarsa.

Idan an ba ku shawarar fita waje

Abu na farko: ba a maganar kowane irin gashi sai an san sunan ciwon. Ana sanin sunan ne ta hanyar yanko ɗan nama a duba shi a madubin likita, sannan a yi sikana a ga ko ya bazu. Duk wanda ya yi maka alkawarin furoton ta waya bai ga waɗannan takardu ba, dillali ne. Furoton, kamar kowane gashi, yana aiki ne a wurin da aka nufa kaɗai. Idan daji ya bazu zuwa hanta da huhu da ƙashi, ba ya bin sa.

Ka zauna da likitan da ya san marar lafiya, ka tambaye shi da ladabi amma a fili. Manufar maganin warkarwa ce ko sassauci? Wane sashen jiki ne furoton zai kare wanda haske ba zai kare ba? An taɓa yin gwajin ƙuri'a a kan wannan ciwon, me ya nuna? Ita kuma cibiyar waje a tambaye ta ko za ta tsara gashin iri biyu ta nuna bambanci, kamar yadda ake yi a Holan. Cibiyar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya, kuma takan mayar da mutum gida idan ta ga bai dace ba.

Sai tambayar lokaci, wadda iyalai suka fi mantawa da ita. Neman fasfo da biza da haɗa kuɗi yana iya cin wata uku ko huɗu, daji kuwa ba ya jira. Gashin haske da aka fara a wannan wata ya fi furoton da za a fara bayan kaka. Haka kuma gashin da aka fara aka yanke a tsakiya saboda guzuri ya ƙare, ko saboda aikin gona ya kira, yana ba ciwon damar farfaɗowa. A lissafa kuɗin mota da abinci da masauki na marar lafiya da mai jinya, na dukan makonnin, tun kafin a tashi. A lissafa da kuɗin bibiya bayan an dawo, domin ita ma shekaru take ɗauka.

Hanyar gida a bayyane take. Ƙullutu a nono ko a hammata, jini bayan saduwa ko bayan mace ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, wahalar haɗiya, ramar da ba a san dalilinta ba: a fara da CSI mafi kusa, a faɗa wa majo ko ungozoma tun yaushe abin ya fara, ba tare da ragewa ba. Daga nan asibitin gunduma, daga nan Maraɗi, inda akwai asibitin jiha da babban asibitin da ake tura manyan cututtuka da cibiyar uwa da yaro, daga nan Yamai idan ana buƙatar gashi. A 2007 gwamnati ta fitar da dokar da ta sa maganin dajin mata cikin ayyukan kyauta, don haka a tambayi ofishin jin ƙai na asibiti abin da aka ɗauke wa mace da abin da za ta biya.

Kowace takarda a adana ta a leda ɗaya: takardar turawa, sakamakon naman da aka auna, hotunan sikana, da sunayen magungunan da aka sha da ranakunsu. A ɗauki hotonsu a waya kuma. Idan marar lafiya ba ta karatu, ka rubuta mata ranakun komawa asibiti da Hausa a bayan katinta, da boko ko da ajami, wanda wani a gidan zai iya karantawa.